Kunnen Karen Maƙwabciyarmu

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Umma? Mu ma lafiya lau, ba abin da muka rasa. In kin samu mai zuwa, ki aiko mini sababbin littattafai.

Tsohuwar maƙwabciyarmu tana asibiti, ta bar mini amanar ɗan karenta. Kada Baba ya ji. Makon jiya ya fara kaɗa kai yana sosa kunne, ya ƙi abinci. Na ce wa maigida kewar uwargijiyarsa ce, irin ta littattafanmu. Ya ce, "Uwar soyayya, kewa tana wari ne?" Na ɗaga kunnen, ya yi ja, ga baƙin ruwa.

Har na ɗumama mai yadda Umma take ɗiga mana, maigida ya ce a fara ganin likitar dabbobi. Ita kuwa ta hana mai, ta ce da an ji wari ko an ga ruwa, a kawo shi. Ta ba da magani, ta ce da mun yi jinkiri zai iya kurmancewa.

Ki taya ni addu'a ya warke, ban da dariya. Daga safe har maigida ya dawo, karen kaɗai nake yi wa Hausa a garin nan.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki