Naman Kaza Na Nuna Musu

Assalamu alaikum. A ɓoye sunana. Wanda zai zage ni ya bari ya kai ƙarshe tukuna.

Ni mace ce, a Dakoro nake, gidan wanzamai aka haife ni. Ina jaririya aka cire mini angurya, tsokar da wanzamai ke yankewa a gaban 'ya mace wai cuta ce. Da naƙudar fari ta yi tsawo, aka sake sa mini aska, wai yankan gishiri. Tun ranar fitsari bai ƙara tsaya mini ba. Na san yadda mata ke janye tabarma in na zauna gidan biki. Ni kaina ƙyamar warina nake.

Ɗiyata ɗaya, tana aure a Kornaka. Bana ta haifi mace. Kafin suna uwar mijinta ta ce a kira wanzami ya cire wa jinjirar angurya. Na ce, “Hajiya, a kira bare ga 'yar gidan wanzamai zaune? Ni zan yi.” Ta ji daɗi. Na shiga ɗaki da jinjirar, na ja ƙyaure. Na mintsine ta a cinya ta tsala kuka, na yanki yatsana na shafa jinin a tsumma, na sa ɗan guntun naman kazar mai jego a auduga, na fito na nuna. Tsofaffi suka leƙa suna “Kai, dubi girmanta! An rabu da cuta.” Hajiya ta ce, “Kin cire duka?” Na ce wallahi tallahi. Na rantse da Allah kan ƙarya, da bakina. Ko ɗiyata ba ta sani ba.

Yanzu yarinyar na zawo, ta rame. Na ce a kai ta likita. Hajiya ta ce, “Yaya, hannun mace ne, kin bar saura, shi ke shan jininta.” Ta aika wa wani wanzami a Adjekoria, ranar kasuwa zai zo. Yana buɗe zane zai ga ba a taɓa ta ba.

In na yi shiru, ya yanka. In na faɗi gaskiya, su kira ni maƙaryaciya, kuma ya yanka. In na kai ƙara wurin jandarma, jami'an tsaro, auren ɗiyata ya mutu, ni na kashe. Rantsuwar na yi nadamarta, ina istigfari. Amma da za a sake miƙo mini jinjirar nan, kazar zan sake nema. Wace irin cuta ce ake haifar kowace mace da ita?

Kasuwa ta matso, jama'a. Ku faɗa mini, me zan yi?