Sunanka Yana Kan Fom Ɗina, Alhaji

Zuwa ga maigidana Alhaji,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba, yau kwana ashirin da uku da muka kai ka makwancinka. Amma na rasa wanda zan faɗa wa, zama kuma ya gagare ni. Tun safe nake zirga-zirga tsakanin ɗaki da zaure, har matata Ladi ta tambaya ko kuɗin cizo ne a tabarmar.

Shagonka na nan a buɗe. Babban ɗanka Sani ne ke riƙe da shi, kuma har yanzu yana ɗaure noti kamar mai jin haushinsa. Ƙafar Hajiya ta yi sauƙi. Masu noman rani sun fara kawo injinan ban-ruwa gyara, kowa ya zo sai ya dubi bencinka kafin ya yi sallama.

Ga abin da ya hana ni sakat. Wata biyu da suka wuce, wani kamfanin noman shinkafa a wajen Gadau ya nemi makaniken inji. Na cike fom. A ƙasa suka ce a rubuta mutum biyu da za su ba da shaida a kaina, da lambar wayarsu. Na sa limamin unguwarmu, na sa ka. Liman na je har gida na nemi izininsa. Kai kuwa ban zo ba. Sau uku ina kaiwa bakin layinku a kan mashin in juya.

Ka san dalili. Injin mutumin Shira da ya ƙone bara, ni na tayar da shi ban duba baƙin mai ba. Na ce a haka mai shi ya kawo shi. Ka dube ni, ba ka ce uffan ba, ka zauna ka gyara masa da hannunka. Wannan shirun ya fi min zagi ciwo. Bayan sati biyu na bar shagon da ƙaryar na samu wani aiki. Shekara bakwai kana koya min sana'a, na tafi ko sallamar kirki babu. Na yi ƙarya, Alhaji, kuma kunyarka ce ta kore ni.

Jiya kamfanin suka kira, sun ce na ci gwajin, saura su ji daga masu shaidata ranar Litinin. Liman zai ce musu ina zuwa jam'i, Allah ya saka masa, amma ina ya san kayan inji irin su fistan da fulogi? Kai suke son ji.

Wayarka tana hannun Sani, ba a rufe layin ba saboda masu ta'aziyya da kwastomomi. Na je na gaya masa halin da nake ciki. Ya ce wannan ai ba komai ba ne, in sun kira zai amsa da sunanka, tunda muryarku ɗaya, ya yabe ni son ransa. Wallahi da na ji haka sai da na yi farin ciki. Wata goma ba ni da aikin kirki, Ladi kuma cikinta ya tsufa. Wa zai sani?

Amma tun da na dawo gida zuciyata ta ƙi kwanciya. Na yi maka ƙarya kana raye, yanzu kuma in sa ɗanka ya ari bakinka ya yi wata kana kabari? Kuma abin da Sani zai faɗa ba shi nake son ji ba. Da sun same ka, me za ka ce musu? Za ka ce Balarabe ya iya aiki? Za ka ambaci injin? Ko shirun nan za ka yi musu?

Gobe da sassafe zan hau mota zuwa Gadau. Zan ce musu ka rasu, kuma ban nemi izininka ba. In sun tambayi dalilin barina shagon, zan faɗi maganar baƙin mai. Mai yiwuwa su ba wani mutum daban aikin. Ina jin tsoro, ban ma gaya wa Ladi ba tukuna.

Na ɗauki biro ɗazu don in soke sunanka a kwafin da ke hannuna. Hannun ya ƙi.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta. Ka yafe min.

Yaronka da ya tafi bai yi sallama ba,
Balarabe, Azare