Gangar Kaka Jatau

Adabka,
Ƙaramar Hukumar Bukkuyum,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga Baffa Muttaka,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ɗiya ga ubanta, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Gwaggo Zinatu da ƙannena duka a can Fatakwal. Allah ya ƙara tsare ku, ya sa albarka a cikin nemanka. Mu nan mun gode Allah. Na dawo hutu daga makaranta a Gummi, na kuwa tarar da damina ta yi kyau, gero ya kai ƙirji a gonakin da ake iya zuwa. Inna tana lafiya, sai ciwon ƙafar nan da ka sani. Yaya Naziru yana bin masu haƙar zinariya, yakan leƙo gida ranar Juma'a. Ka yi haƙuri da ni, ban taɓa rubuto maka ba, kuma ba ni aka sa ba. Maganar Kaka Jatau ce ta hana ni yin shiru.

Ka san tun da mutanen daji suka matsa mana aka daina kiɗan noma. Dattawa suka ce ƙarar ganga tana kai wa nesa, tana gaya musu inda jama'a suka taru. Yanzu in za a yi gayya, shiru ake fita, shiru ake noma, mutum ɗaya yana kan bishiya yana duba hanya. Ba ka jin komai sai faɗuwar hauya da tarin wani. Kaka ya bi wannan doka, ya rataye gangarsa a ɗaki, har ranar da aka yi wa Iyatu gayyar maimai. Ita ce matar Almustapha, wanda aka harbe bara a hanyar Gwashi, ya bar ta da yara ƙanana. Kaka ya ce shi ya yi wa uban Almustapha take, shi ya yi wa Almustapha, bai ga yadda za a nome gonarsu ba a ambaci sunansu ba. Ba wanda ya ɗauka da gaske yake. Ashe ya sa gangar a buhu, ya bi bayan mutane da sandarsa.

Ina cikin masu kai ruwa, don haka da idona na gani. Rana ta ɗaga, hannuwa sun fara mutuwa, sai muka ji ganga daga gindin kaɗanya. Baffa, ban taɓa ganin irin wannan ba. Tsofaffin da ke can baya suka miƙe, hauyoyi suka fara faɗuwa tare kamar hannu ɗaya ke riƙe da su, Iyatu ta rufe fuska da gyale. Amma wanda ke kan bishiya ya fara ihu yana cewa a daina kiɗan, yara suka zaci mutanen daji ne suka zo suka watse cikin gero, wata mata ta faɗi da tulu. Baba ya jefar da hauyarsa ya ruga, ya tsaya gaban mahaifinsa ya ce, "Kashe mu kaka son yi?" Sai ya zaro wuƙa ya farke fatar gangar. Kaka ya daɗe yana riƙe da gula a sama, sannan ya sa ta aljihu.

Mutanen daji ba su zo ranar ba, Allah ya tsare. Da aka dawo gari kowa Baba yake yaba wa. Wasu suka ce dama roƙo ba sana'a ba ce, gara da aka huta. Yaya Naziru ya ce zamanin da ake cika ciki da kirari ya wuce, a ramin zinariya ba mai tambayar sunan kakanka. Ni ban ga laifin Baba ba, tsoro ne ya sa shi, kuma tsoron gaskiya ne. Shi kansa bai ƙara sakewa ba. Da hannunsa yake kai wa Kaka kunu, Kaka ya juya fuska bango. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ba wanda ya je ya ce wa tsohon nan sannu da abin da ya rasa, kamar tukunya ce ta fashe.

Tun daga ranar ba ya cin abinci, sai kurɓin kunu in Inna ta matsa. Ya daina fita ƙofar gida, ya daina tsokanata da cewa ni ce amaryar da ba ta iya tuwo ba. An kira mai magani ya duba shi, ya ce bai ga zazzaɓi ba. Amma wuyan hannunsa yanzu bai fi nawa ba.

A makaranta ma kusan haka abin yake. Da za mu shiga babban aji, aka tara mu aka ce waɗanda suka yi ƙoƙari su tafi ajin kimiyya, sauran kuma ajin adabi da tarihi, wai na waɗanda kansu bai ja ba ne. Ni kimiyya aka kai ni, kowa ya yi mini murna. Malamarmu ta Hausa ce kaɗai ta ce kowa ta dawo hutu da waƙar gargajiya ɗaya daga gidansu, 'yan ajinmu suka yi ta dariya. Da wannan na samu hanyar shiga wurin Kaka. Na durƙusa na ce masa aikin makaranta ne, ya taimake ni da waƙa ko guda. Ya dube ni, ya tambaya ko da gaske a makarantar boko aka nemi waƙar noma. Na ce e. Ya sa na tashe shi zaune, ya fara buga gwiwarsa da yatsu, ya ɗauko waƙar sarkin noman da ya rasu kafin a haife ni. Muryarsa ta fito, har Inna ta tsaya da daka. Ya kai ƙarshen baiti ya dakata, yana jira. Ni ban san abin da ake cewa a wurin ba. Ya sake ɗaukowa, ya sake dakatawa a wuri ɗaya, sannan ya ce, "Waƙag ga ba ta tahiya ita ɗai. Wa ka amsa mani?" Ya koma ya kwanta.

Na tambayi Inna, ta ce 'yan amshinsa duk sun rasu, Baba kuma bai taɓa koya ba. Ta ce kai kaɗai ka rage, domin kana yaro kai kake bin sa gona kana amsawa. Ta kuma gaya mini kiran ɗan maroƙi da ake yi maka yana cikin abin da ya sa ka bar gari. Ni ma ana kirana jikar maroƙi, na san yadda yake a zuciya. Ba na roƙon ka taso ka biyo wannan hanya mai hatsari. Abin da nake roƙo shi ne ka kira wayar Yaya Naziru ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Ya yarda zai goya Kaka a babur zuwa tudun bayan gari inda ake samun sabis. Ban sani ba ko wannan zai sa ya ci abinci, amma ban ga wani abin da ya rage mu gwada ba, kuma ba na jin zai iya jiran Juma'o'i da yawa.

Inna tana gaishe ku, haka Yaya Naziru. Ka gaishe mini da Gwaggo Zinatu, da Hasana, da Sagir, da ɗan auta Mukhtar da ban taɓa gani ba. Baba bai san na rubuto ba, zan gaya masa da bakina kafin ranar. Allah ya kawo mana zaman lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Baffa, sabis ɗin tudun nan yankewa yake yi. In ka ji muryarsa kada ka tsaya doguwar gaisuwa. Zai ɗauko, zai dakata, sai ka amsa.

Ɗiyarka,
Hamida.