Rimot ɗin Auta

Baban Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ciwon bayan nan naka? Mu duk lafiya lau.

'Yarka ce ta sa ni ɗaukar biro. Tun da ka tafi ta maƙale wa talabijin, ni kuma na ƙyale ta don in samu in yi ɗinkina. To yanzu ko barci da rimot take yi. Jiya Inna tana faɗa a kan takalman da aka watsar a ƙofar falo, sai na ga yarinyar nan ta saita kakarta tana danna rage murya! Mamaki ya sa Inna ta yi shiru, Auta kuwa ta gyaɗa kai, wai ya yi aiki. Na shige ɗaki na yi dariya har da hawaye.

Amma abin ya tsaya mini a rai. Me ke yawo a ɗan kan nan nata? Anya tana bambanta abin cikin akwatin nan da na waje?

Taka,
Maman Auta

Baban Auta,

Ina gaishe ka, Allah ya sa kana lafiya. Wannan karon babu dariya.

Mota ta buge magen Auta, ta mutu. Auta ba ta yi kuka ba. Rimot ta ɗauko, ta tsuguna tana danna maida baya, tunda magen katun ɗin da take kallo a talabijin ko daga bene ta faɗo tashi take yi. Da ta gaji, sai ta ce batir ne ya mutu, ba mage ba. Na sa mata sabo da hannuna don ta gani da idonta. Sai a lokacin ta fashe da kuka, na taya ta.

Na ɗauka ta gane, ashe da saura. Kullum da yamma sai ta saita ƙofar da ka fita tana dannawa. Ta ce wa Inna ai kai ba mutuwa ka yi ba, don haka a kanka zai yi aiki. Ka ji lissafi! Na rasa ko tsoro zan ji ko in yaba mata.

Na rage mata kallo, muna ta rigima. Don Allah ka nemi hutu ka zo. Amma ka faɗa mini ranar tukuna, in ɓoye rimot ɗin. Ina so ta san da ƙafarka ka zo, don ka yi kewarta.

Inna tana gaishe ka.

Taka har kullum,
Maman Auta