Hoton Gindin Rumbu

Gwarzo

Zuwa ga ƙanwata Badi'a,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara. Ya jikin Inna? Tun da wayarki ta faɗa rijiya, Jalo direba ya zama wayarmu, shi zai kawo miki wannan.

Na zauna na duba hotunan da na ɗauka ranar da na zo Masanawa gwada sabuwar kyamara. Badi'a, wannan abu ba wasa ba ne! Zakaran gidanku, har gashin wuyansa ana iya ƙirgawa. Kyamarar da kanta take neman idon mutum ta kama shi tar, ba sai na murɗa komai ba. Tsohuwar kyamarar da na yi shekaru ina fama da ita, ashe wahalar da kaina nake yi.

Abu ɗaya ne ya ɓata mini rai. Hoton Inna dai har yau bai samu ba. Kin san halinta da ni. Da na ɗaga kyamara sai ta kau da kai, ta ja mayafi, ta ce, "Ku ce wa yaron nan ya tafi da abinsa." Furfura ta fara fito mini, amma har yau ni ne "yaron nan". Duk wanda na ɗauka, ko ƙeya, ko fuska ta yi dishi-dishi. Akwai wani gilashin kyamara da ya fi wannan sauri, na sa a kawo mini daga Kano. Wannan karon kafin ta juya na gama.

Ki gaishe ta, ko da ba za ta amsa ba.

Yayanki,
Lurwanu

Masanawa

Yaya Lurwanu,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, sai tarin Inna da ya ƙi tafiya. Na isar da gaisuwarka, ta ce "to", ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Kai ma dai da neman magana. Wace uwa ce a garin nan take kallon ɗan farinta ido da ido, balle ta kira sunansa? Ko gilashin Makka ka sayo, kunyar ɗan fari ba za ta bar ta ba.

Roƙo gare ni. Ka tuna da ka kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ka sa ta ɗauka da kanta, ka je gindin rumbu ka ɗaga hularka saitin fuskarka wai kana gwada ko zaren ɗinkin zai fito? Yara har faɗuwa suke don dariya. Ni ce a bayan kyamarar, na ga hoton da ya fito. Shi nake so. Ka wanke mini shi babba, don Allah kada ka yi wasa da maganar nan.

Kuma ka zo. Kada ka jira gilashi.

Ƙanwarka,
Badi'a

Gwarzo

Badi'a,

Bayan gaisuwa. Duk hotuna masu kyau da na yi muku, ki rasa wanda za ki roƙa sai na hula? Wannan ai gwaji ne, kuma ya faɗi. Na jawo shi a kwamfuta daidai kan hular, zare ko ɗaya bai fita ba, kamar an shafa mata man shanu. Haushi ya sa ko sauran hoton ban duba ba, na goge shi nan take. Ni ba na ajiye abin da zai zubar mini da suna.

Gilashin ya iso, sai dai gefen hagunsa bai gamsar da ni ba, na mayar a canzo. Ga bukukuwan kaka sun taso, kowane mako ina Mainika ko Kabo. Da zarar an sarara zan zo in yi wa Inna hoton da za a rataye a falo. Na ba Jalo zuma, a riƙa sa mata a kunu.

Yayanki,
Lurwanu

Masanawa

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ta huta. Kwanakin zaman makoki mutane sun yi yawa, ban samu na keɓe da kai ba, kuma ko na samu bakina ba zai iya ba.

Ka ce in tambayi dangi ko wani yana da hotonta. Na tambaya. Babu sai na katin zaɓe, wanda ita kanta ta ce ba ita ba ce.

Yanzu zan gaya maka abin da ya sa na nace. A hoton hular nan, Inna tana bayanka a kan tabarma. Da ta ga ka ba ta baya, ka rufe fuska da hula, sai ta ajiye gyaɗar ta ɗago kai tana kallonka. Yaya, ban taɓa ganin ta kalli wani mahaluki haka ba. Fuskarta ta fito ras, har tsagen kumatunta. Da ta lura na gani, ta kira ni ɗaki ta ce, "Idan kika faɗa masa, ban yafe ba sai bayan raina." Shi ya sa na yi ta kewaye-kewaye. Na ɗauka za ka buɗe hoton ka gani da idonka, ba ni na faɗa ba.

Da na sani, da na ƙwace kyamarar a ranar na ɓoye. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Ƙanwarka,
Badi'a

Gwarzo

Badi'a,

Na karanta. Ashe kyamarar ba ta yi kuskure ba. Ido take nema, na rufe nawa, ta bar hular ta kama na Inna. Ni kuma na tsaya ƙirga zare.

Na kai memorin da kyamarar ke ajiye hotuna a ciki can Kano, wurin masu dawo da abin da aka goge. Sun ce hotunan biki sun hau kai, babu abin da ya rage. Sabon gilashin ya iso jiya, yana cikin kwalinsa.

Ke kaɗai kika gani. Don Allah ki zauna ki rubuto mini, kada ki yi sauri. Ta ina mayafin ya zame? Murmushi take yi, ko kallo kawai? Ta daɗe?

Jalo zai jira ki gama.

Yayanki,
Lurwanu