Kek ɗin Kuskure

Litinin, 8 ga Afrilu

Zafi. Bahar Maliya sai ka ce an kifa mana tukunya. Jiragen dakon kaya uku muke yi wa rakiya zuwa arewa, suna jan jiki a bayanmu. Ni dai aikina igwar gaba: in shafa mai, in loda harsashi, in jira.

Villads, abokin aikina a igwa, ya yar da sifana a teku. Gobe dole ya roƙi Ragna kuku ta toya mana kek, tunda wanda ya kwafsa shi ke ciyar da jama'a. Solvej mai rediyo ta ce sifanar ce ta gaji da ganin fuskarsa ta yi tsalle.

Laraba, 10 ga Afrilu

Da hantsi suka zo. Jiniya ta ɗauka ina tsakiyar aski. Makami mai linzami ɗaya, shi tun daga nesa aka kakkaɓo shi. Sai jirage marasa matuƙi guda huɗu, waɗanda muke ce wa sauro. Mun sauke uku. Na huɗun ya biyo ƙasa-ƙasa yana shafar ruwa, a daidai nan igwarmu ta cije. Kafin mu gyara ya wuce mu, ya faɗa wa jirgin da ke ƙarshe.

Hayaƙi baƙi ƙirin. Can aka ce ta rediyo an shawo kan wutar, kowa na da rai. Muka yi ta ihu muna dukan bayan juna. Villads ya ce, "Asger, igwarmu ce ta cije, kek na wuyanmu." Na ce a yi mai kwakwa. Da ƙafata na je na gaya wa Ragna.

Da la'asar kwalekwalenmu ya dawo da mutum biyu masu ƙuna. Da wata doguwar jakar gawa. Ashe ba a ƙirga daidai ba. A ɗakin sanyi aka sa mamacin, don ba mu da wani wurin.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Ban san ta inda zan fara ba.

Ragna ta tare ni a ƙofar kicin kafin shayin rana. "A fito da kek ɗin kuwa?" Na ce an riga an toya, zubarwa za mu yi? Ni na faɗi haka, ba wani ba.

Ɗaya daga cikin waɗanda aka kawo yana zaune shi kaɗai a ƙarshen tebur. Dattijo ne ɗan Filifin, mai aikin inji, ɗan uwan tafiyarsa na kiransa Mang Rodel. Hannunsa na hagu a naɗe, rigar aro ta yi masa yawa. Na ga bai kamata muna ci baƙo na kallo ba, haka Mama ta koya mini. Na yanka babba na kai masa.

Ya ci loma biyu, ya lumshe ido. "Kwakwa," ya ce, "kamar ta gida." Sai ya tambaya ranar haihuwar wa ake yi.

Ni kuma da bakina cike na hau yi masa bayani, har da dariya. Wai al'adarmu ce, in mutum ya yi kuskure sai ya kawo kek a ci a manta.

"Wane kuskure aka yi?"

Na ce, "Sauron da ya wuce mu jiya."

Kafin in rufe baki na ji abin da na faɗa. Ya ajiye cokalin a hankali, ya daidaita shi a gefen faranti. "Wanda ya mutu, Efren sunansa," ya ce. "Ƙanena ne. Ni na samo masa aikin." Sannan ya ce ya gode.

Da ya kwaɗa mini farantin a fuska da ya fi mini wannan godiyar. Na tashi na fita, ban ma san inda na nufa ba.

Juma'a, 12 ga Afrilu

Ban shiga ɗakin cin abinci ba. Biskit na ci a bayan igwa.

Asabar, 13 ga Afrilu

Hafsan makamai ya duba komai, ya ce harsashi ne ya maƙale, ba laifin kowa. Villads ya yi ajiyar zuciya kamar an sauke masa buhu. Ni ban ji komai ba, don ba igwar ce ke cina ba.

Villads ya ce mini, "Kai, wai mu muka harbo saurayen? Uku fa muka sauke! Ka daina yawo da fuska kamar an jiƙa burodi." Na ce ya rufe mini baki. Mun kusa kai wa juna hannu, a kan abin da shi bai yi ba.

Solvej ba ta rarrashe ni ba. "Mu dai haka muke, abin da ya fi ƙarfinmu sai mu mai da shi wasa. To amma a tsakaninmu ake yi, Asger. Kai ka ɗauka ka kai wa mai gawa." Ta ce jibi helikwafta zai kai su Jibuti, in ina da magana in yi ta.

Kunya nake ji.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Na shirya maganata da Turanci, na maimaita a gaban madubi. Na je har ƙofar ɗakin jinya. Yana durƙushe da carbinsa, bai gan ni ba. Na tsaya, na tsaya, sai na wuce kamar an aike ni. Ƙato da ni.

Litinin, 15 ga Afrilu

Aka ce ana son masu ɗaukar gawa zuwa helikwafta. Na lafe a bayan layi. Mang Rodel ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna ni. "Wancan. Mai kek." Babu wanda ya yi dariya.

Sanyin jakar ya ratsa safar hannuna. A saman jirgi muka tsaya jiran a buɗe ƙofa, yana gefena. Duk Turancin da na shirya ya gudu. Abin da ya fito kawai, "Mang Rodel, ka yafe mini."

Bai dube ni ba, teku yake kallo.

"Ɗana, ka san abin da ke hana ni barci? Bayan ka fita na cinye sauran. Yunwa nake ji. Ƙanena na kwance a ƙarƙashin ƙafata, ni ina lasar cokali." Ya goge ido da bandejin. "Kuma da daɗi."

Ya taɓa kafaɗata ya ce, "Riƙe da kyau, wajen kansa ne a hannunka."

Na riƙe. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba.

Alhamis, 18 ga Afrilu

Sabuwar rakiya, kudu wannan karon. Shiru, ba sauro ko ɗaya.

Da hutun rana ban sauka ba. Na ari madubin hangen nesa na Villads, wai in duba yanayin ruwa. A jirgin da ke ƙarshe akwai wani mai jan gajeren wando yana shanya a bayan ɗakin inji, iska na ta fizge masa riga yana binta. Na ce wa Solvej in ta yi magana da su ta tambayo mini ko 'yan ina ne. Ta dube ni ta daɗe. Na ce don in sani ne kawai.

Har ya gama shanyar ya shige ciki ban sauke madubin ba. Ba wani abu ba ne, ba ni da aikin yi ne a lokacin.