Ban Yi Wa 'Yata Kuka Ba, Na Yi Wa Katun

Inna Fusae,

Ki taimaka mini da shawara, kwana tara ya rage mini kuma ba ni da wanda zan tambaya. Shekaruna sittin da uku, na yi talatin da takwas daga ciki ina tuƙa bas a Morioka kafin na yi ritaya. Ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba. Matata ce mai karanta filinki, ni iyakata shafin yanayi. In na yi ta kewaye-kewaye, ki yi haƙuri.

'Yarmu Kozue ta rasu yau kwana arba'in. Ita kaɗai muka haifa, shekararta ashirin da tara. Ranar Talata ce da safe, tana tsaye a tashar jirgin ƙasa za ta wurin aiki, wata jijiya ta fashe a kanta, ta faɗi. Kafin mu isa asibiti an gama. Ba ta yi jinya ba, ba wanda ya buge ta, ba wanda ya yi sakaci.

Ban yi kuka ba. Kuma ba dannewa na yi ba, babu shi ne kawai. A wurin ƙona gawa, da aka miƙo mana sanduna ni da matata Tokiko mu ɗauki ƙashi tare mu sa a tulu, ita sai kuka take, ni ko gezau. Abin da nake tunani a lokacin shi ne direban motar da ta kawo mu bai iya taka birki ba. Mutane suka yi ta yabona, wai namijin duniya. Na dawo gida na ci shinkafa har da ƙari. Har yau ina ci, ina barci, ina fitar da shara a ranarta. Ji nake kamar allurar kashe zafi ta likitan haƙori aka yi mini, sai dai a jiki duka.

Tulun yana falo cikin farin akwatinsa, a kan ɗan tebur tare da hotonta da turare, har ranar arba'in da tara da za a kai shi kabari. A falon kuma talabijin yake. Sati na biyu, ranar Lahadi ƙarfe biyar na yamma, ina zaune sai na ga jar fitila ta kama a jikin rikoda. Ashe Kozue ta saita ta tana naɗar mata wani anime, wato katun mai kashi-kashi, duk sati, kuma ba wanda ya gaya wa na'urar an yi rasuwa.

Na kunna ne don in ga mene ne in goge. Da tana raye, in na wuce ta tana kallo sai in ce, "Ke da girmanki, katun?" Ita kuma ta ce, "Baba, matsa mana, ka tare mini. Je ka kalli hadarinka." To ashe ba na yara ba ne. A garin da ke cikin shirin, in mutum ya mutu inuwarsa ba ta bin sa, sai ta zauna ta haukace, ta yi haƙora, ta cinye 'yan gidan. Akwai wasu masu yawo da manyan almakasai suna yanke inuwoyin, amma duk wadda suka yanke sai su manta fuskar mutum ɗaya da suka sani. Jini ko'ina, ana tsinke hannuwa, ana ihu. Ban goge ba. Na koma kashi na farko na kalle su duka a kwana uku, lokacin da Tokiko take fita.

Kada ki tambaye ni me nake samu a ciki, ni ma ban gama sani ba. Na dai san a can mutuwa tana da fuska. Ta gaba take zuwa, ana ganin ta, ana kai mata sara ko da ba za a ci nasara ba. Minti ashirin da huɗu ina jin bugun zuciyata. Da an gama sai allurar ta dawo.

Daga nan na yi abin da ya ja mini. Na ga ai nata ne, ita ake naɗar wa, sai na riƙa juya talabijin ya fuskanci teburinta, in kunna turare, in zauna a gefe mu kalla. Lahadin da ta wuce aka nuna wani tsoho, shugaban masu almakashi, wanda ya yanke inuwa har bai san fuskar kowa ba. Bayan wani faɗa ya shiga shagon taliya ya ce a kawo kwano biyu. Aka kawo. Ya zauna yana kallon na biyun, bai san na wa ba ne. Sai na ji wata murya kamar ta saniya, ashe tawa ce. Kuka nake har da majina.

A haka Tokiko ta shigo da yayarta Setsuko, sun dawo daga wajen malamin haikali kan shirye-shiryen ranar. Kafin in lalubo abin kashewa an koma faɗa, wata inuwa ta gutsire kan wani mutum, a gaban hoton 'yata. Yaya Setsuko ta ce, "Kai, ƙanina, kanka ɗaya kuwa? Yarinya tana kan hanya, kowa na yi mata addu'a ta wuce lafiya, kai kuma kana haska mata dodanni?" Tokiko ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Baban Kozue, ashe kana da hawaye. Zanen katun kake ajiye wa." Ta haɗa jaka ta bi yayarta. Jiya ta aiko da saƙo cewa ɗan Yaya Setsuko ne zai riƙe akwatin zuwa kabari, ni in tsaya a baya.

Ban ji haushi ba, abin da ke ba ni tsoro ke nan. Na karanta saƙon na tashi na shanya kaya. Inna Fusae, ni mutum ne kuwa? In goge shirin in je in ba da haƙuri? Kashi uku ya rage ya ƙare, kuma in gaya miki gaskiya ina so in ga ƙarshensa. Akwatin ma ina so ni in riƙe. Ni na ɗauko Kozue daga asibiti ranar da aka sallame su bayan haihuwa.

Tsohon direba, Morioka

Malam direba,

Ina yi maka ta'aziyya, kai da maiɗakinka. Tambayarka ta farko ba ta da wuya: mutum ne kai. Cikin wasiƙun masu makoki da ke zuwa mini, irin taka ba su da iyaka. Wata kukan ya zo mata bayan wata shida a gaban injin wanki, wani don ya ga takalmi a bakin ƙofa. Kai naka ta katun ya biyo, kuma ba kai ka zaɓar masa hanya ba.

Shirin ma ba zan zage shi ba. Ban kalla ba, ba na son ganin jini, amma na gane zancenka. Wanda aka ɗauke wa 'ya babu mai laifin da zai kama, ba mamaki ya zauna gaban abin da ake iya kai wa sara. Kuma Kozue da hankalinta ta zaɓe shi, ita ma akwai abin da take samu a ciki. Kada ka goge.

Amma zan ja maka kunne. Ka ce kana kallo lokacin da Tokiko take fita. Ina take zuwa? Ba ka faɗa ba, kuma ina zargin ba ka tambaya ba. Ita ke zuwa haikali, ita ke amsa wa masu ta'aziyya, ita ke canza shinkafa da ruwa a teburin nan kowace safiya, ko na yi ƙarya? Sati biyar tana kuka a gida ɗaya da mutumin da ke karanta shafin yanayi. Ta gama ba ka uzuri cewa haka halittarka take. Sai ta buɗe ƙofa ta tarar kana da hawayen, kana da hanyarka ta zama da Kozue, kuma sai ta fita kake yi. Ɓoyon nan ya fi katun ɗin yi mata ciwo. Ka tuna kuma ba ta ga tsohonka da kwanonsa biyu ba, kai ta ga ana gutsirewa.

Yaya Setsuko ma da gaskiyarta, duk da bakinta da zafi. Teburin nan na ku biyu ne, abin da za a nuna a gabansa ba kai kaɗai za ka yanke ba. Ka mayar da talabijin yadda yake. Kashi ukun ba za su gudu ba, rikoda tana aikinta, ka bar su sai bayan ranar. In hankalinka bai kwanta ba ka tambayi malamin haikalinku. Ya ga masu ajiye wa mamaci sigari da giya da jaridar tseren dawaki, naka ba zai sa ya suma ba.

Sannan ka je gidan Setsuko, gobe, ba jibi ba. Ban da waya, ban da saƙo. Kada ka je da bayanin masu almakashi, kada kuma ka fara da maganar akwati. Ka gaya wa matarka abin da ka gaya mini, har da birkin direban nan, har da ƙarin shinkafa, duk kunyar da za ka ji. Ka ce mata tsoro kake ji. In kuka ya zo ka bar shi, in bai zo ba kada ka ƙaƙalo, shekara talatin ta san fuskarka. In kuma mutuwar jikin nan ta ja wata biyu zuwa uku ba ta sake ka ba, ka ga likita.

Ba zan yi maka alkawarin za ta janye maganarta ba. Tana iya cewa ɗan Setsukon dai. In ta ce haka ka tsaya a bayan ba gardama, amma ka tsaya kusa da ita. Sai dai ban yi zaton akwai uwar da ke son ɗan 'yar'uwa ya kai mata 'ya kabari alhali uban yana raye ba. So take ta tabbata wanda zai riƙe akwatin ya san abin da ke ciki. Ka je ka nuna mata ka sani.

Ina yi maku fatan haƙuri da sauƙi, ku biyun, da ita mai tafiya.

Inna Fusae